Ɓarawon da Na Kama a Hasumiyar Bakin Teku

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta lokacin zafi ba, kuma ko na so in manta, Hajiya ba za ta bar ni ba. Da Allah zai ba ni dama in koma baya in goge abu ɗaya cikin duk abin da bakina ya furta a ƙasar nan ta Faransa, ba zan zaɓi zagin da na taɓa yi wa shef ɗinmu, wato shugabanmu a wurin aiki, ba (wannan ya cancanta). Kalmomi biyu zan goge, na Faransanci, waɗanda na kurma a cikin wata tsohuwar hasumiya a bakin teku da duk ƙarfin da ya rage a ƙirjina.

Ni mutumin Damagaram ne. Lakwal ban yi nisa da ita ba, na dai iya karatu da rubutu daidai gwargwado. Na zo Lyon ina saurayi, na yi aiki a masana'antar fenti har gashina ya yi fari, na fito da ciwon fuka da ɗan abin shaƙar nan da likita ya ce kada in rabu da shi ko masallaci za ni. Muna zaune a Vaulx-en-Velin, nan gefen Lyon, ni da Hajiya da autarmu Ramatu, wadda a lokacin ta gama karatu ta fara aiki a asibiti. Tun da na aje aiki ba ni da wata sana'a sai zama a unguwar La Guillotière, a shagon abokina Malam Isuhu mai sayar da kayan miya na gida, muna shan shayi muna gyara duniya da baki.

A wannan majalisa wa'azina ɗaya ne kullum, kunya. Nakan ce yaran da aka haifa a nan, tun a asibiti ake yanke musu kunya tare da cibiya. Akwai wani yaro haifaffen Rillieux-la-Pape da ya taɓa zuwa gidana saboda Ramatu. Ya shigo da takalmi har tsakiyar ɗaki, ya miƙo mini hannu, ya kafe ni da ido kamar mai gwada ni tabarau, ya zauna a kujerata. Da aka kawo tuwo ya sa hannu a kwanona, har ya ce a ƙara miya. Ban san shi da wani laifi bayan wannan ba, amma washegari na ce kada in sake ganinsa. Ramatu ta yi kukanta, ni kuwa na tafi majalisa na yi shela cewa 'yata ba mai aurenta sai mai kunya irin ta gida. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Abu na biyu da ya kamata ku sani shi ne tsakanina da Paris ba amana. Wata shekara na je sabunta fasfo, ina fama da akwati a matakalar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai ga wani saurayi mai tsafta da fara'a ya ce bari ya taimaka mini. Ya kai mini akwatin har sama, na sa masa albarka, ya tafi. Sai da na isa inda za ni na gane ya tafi da takardar zamana da duk abin da ke aljihuna. Wahalar da na sha a layin ofis kafin a sake mini wata, Allah kaɗai ya sani. Tun daga ranar na yanke hukunci biyu. Na farko, jakata ta fata, wadda na zo da ita daga Damagaram, ba ta barin ƙirjina. Na biyu, duk saurayin da ladabinsa ya yi yawa, wani abu yake nema.

To, ƙungiyarmu ta 'yan Nijar takan shirya fita sau ɗaya a shekara, a ɗauki kar guda, wato babbar motar bas, a zuba manya da yara. A shekarar nan matasa ne suka zaɓi wuri, suka ce kudu za a je, bakin teku, a hau wata tsohuwar hasumiya mai fitila a kanta, wadda jiragen ruwa ke gani da dare su san inda tudu yake. Na ce ba za ni ba, fitila muna da ita a ɗaki. Ramatu ta dage, Hajiya ta fi ta dagewa. Da safe na tashi na tarar an goge mini babbar rigata ta Juma'a, an aje hular da nake zuwa ɗaurin aure da ita.

"Teku za mu je ko wajen gwamna?" na tambaya.

"Sa kawai, Malam," in ji Hajiya. "Za a ɗauki hoto."

A nan zargina ya fara. Shekarun da muka yi da matar nan, hoto bai taɓa sa ta ɗauki dutsen guga ba.

Muna shiga kar na gan shi. Dogo ne, siriri, da farar riga mai dogon hannu, zaune can kujerar ƙarshe. Duk wanda ke cikin motar na san uwarsa na san ubansa, ban da shi. Na kafa masa ido, sai ya yi sauri ya noƙe kai bayan kujera. Bayan mun kama hanya na sake juyawa, ya sake noƙewa. Na taɓa Malam Isuhu da gwiwar hannu.

"Yaron can na baya, ɗan wa ne?"

"Wane?"

"Mai farar riga. Wanda ke wasan ɓuya da ni."

"Au, Lawali ke nan. Mutumin Maraɗi ne, karatu yake a Paris. Yaron kirki ne ƙwarai, Alhaji."

"Paris," na ce. "Ina ka san shi?"

"An dai san shi," in ji Malam Isuhu, sai ya shiga gyaran hula yana kallon gonakin inabi ta taga kamar zai saya.

Ba shi kaɗai ba. Kafin mu yi nisa, tsofaffin mata biyu sun leƙo daga kujerar baya sun ce mini wai na ga natsuwar yaron nan kuwa? Ban tambaye su ba. Na ce a raina, ya riga ya gama da su. Haka na Paris ɗin ma ya gama da ni.

Da muka tsaya hutawa a gefen babbar hanya, mata suka buɗe kuloli, aka baje dambu da kilishi da burodi a kan ciyawa, kowa ya zauna. Shi kuwa ya karɓi nasa ya zagaya bayan kar. Mutum ya bar jama'a ya tafi ci a ɓoye? Na tashi a hankali kamar mai miƙe ƙafa, na leƙa. Muka yi kiciɓis, bakinsa cike. Ya daskare, ya mayar da burodin bayansa, ya ɗan durƙusa, ya yi wata gunaguni da ban ji ba, ya sulale ta ɗaya gefen. Na tsaya ina kallon wurin da ya bari. Wanda zai ɓoye burodi don ya ga dattijo, me kuma ba zai ɓoye ba?

Na kuma lura da wani abu (ku ga irin basirata). Duk lokacin da Ramatu ta taɓa salularta tana murmushi, shi ma sai ya zaro tasa ya duba. Na ce lallai, ƙirga wayoyin mutane yake yana kwatanta su da tasa.

Muka isa garin da hasumiyar take da rana tsaka, muka nemi gefe don sallar azahar. Na cire jakar na aje kusa da ƙafata, ina neman wanda zai ba ni ruwa. Ina ɗaga kai na ga gorar ruwa a gabana, buɗaɗɗiya, da bayan farar riga yana nisa da sauri. Na bar alwalar na buɗe jakar na duba. Takardar zama tana nan, abin shaƙa yana nan, carbi yana nan. Na ce bai samu dama ba ne.

"Ki riƙe jakarki da kyau," na raɗa wa Hajiya bayan sallah. "Akwai baƙon ido a cikinmu."

Ta dube ni ta daɗe. "Malam, don Allah ka kalli teku. Teku muka zo gani."

Gaskiya tekun ya isa kallo, amma ban kalle shi ba. Hasumiyar tana can ƙarshen wata doguwar hanya ta duwatsu da ta shiga cikin ruwa, fara tas, ta fi duk wata hasumiyar masallaci da na taɓa gani tsawo. Mai gadin wurin, wani Bafaranshe mai gemu da 'yar rediyo a ƙugu, ya tara mu a gindinta yana ba da tarihi. Ya ce an gina ta tun kafin a san lantarki, a da masu tsaronta a bayansu suke goya mai su hau da shi har sama. Ya ce aikin mai tsaron fitila ɗaya ne, kada ya runtsa, domin rayukan mutane na hannunsa. Na gyaɗa kai, na ce a raina yau aikina ke nan. Ina ji ina laluben farar riga da wutsiyar ido.

Hajiya gwiwoyinta ba sa hawa bene, ta nemi wani benci a inuwa, a ɗaya gefen hasumiyar, ta zauna. Jama'a suka fara shiga. Ni kuwa shayin da na sha a hanya ya fara magana. Wurin zagayawar yana can baya kusa da ɗakin sayar da tikiti, kuma na san irin wuraren nan, ƙasa jiƙe, ba inda za a rataye komai. Karo na farko tun safe na rabu da jakar, na ɗora wa Hajiya a cinya.

"Da hannu biyu," na ce.

Ban gaya mata inda za ni ba, dattijo ba ya shelar irin wannan. Ita kuwa ta ga na bi ta gefen ƙofa, ta ɗauka na hau tare da jama'a.

Ina dawowa, daga nesa, na ga abin da nake jira tun safe. Farar riga ta fito daga bayan hasumiya da gudu, jakata a hammata, ta faɗa ƙofa. Ga abin da ya fi ba ni kunya in faɗa, amma tunda na fara bari in ƙarasa. Ba tsoro na ji ba, ba haushi ba. Daɗi na ji. Duk kar ɗin nan ni kaɗai na gane shi, yau za su san dattijo ba a banza ya yi furfura ba. Bencin Hajiya yana nan bayan gini, da na ɗan zagaya na tambaye ta da ba a yi wannan labarin ba. Ban zagaya ba. Ban kuma tsaya na tambayi kaina wane irin ɓarawo ne zai gudu sama, cikin ginin da ƙofarsa ɗaya ce, ruwa kuma ya kewaye shi ba. Na tattare babbar riga na bi shi.

Matakalar ƙunci gare ta, tana murɗawa kamar igiya, mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya manne da bango. Ina jin ƙarar takalminsa can sama yana ta sauri. Na kira, "Kai yaro, tsaya nan," muryar ta bi bango ta watse. Ƙirjina ya fara kukan usur. Na ga zai tsere mini, sai na riƙe ƙarfen gefe, na ɗaga kai, na tattara sauran numfashina.

"Au voleur!"

Ɓarawo ke nan, ga wanda bai ji Faransanci ba. Jama'a, ban san muryata tana da girma haka ba. Hasumiyar ta karɓi maganar ta yi ta maimaitawa har ƙololuwa. Na ji guje-guje a sama, na ji wata mata ta yi ƙara, na ji an buga wani abu da bango.

Sauran hawan da rarrafe na yi shi. Tun kafin in isa ina jin muryarsa, yana bayani da Faransanci mai kyau, da sauri, ba gargada. Amma hulata na ɓullowa a ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin fitilar, ya yi tsit. Wasu ƙattin Faransawa biyu 'yan yawon buɗe ido ne ke riƙe da shi, ɗaya jajir da shi kamar an dafa, sun murɗe masa hannu, wuyan rigar ya yage. Jakata na hannun mai gadi. Yaron na ganina ya sa ƙafa ya tuɓe takalmansa ɗaya bayan ɗaya, ya yi ƙasa yana neman durƙusawa suna janyo shi sama.

"Ka gani," in ji jan da Faransanci. "Ya amsa laifinsa."

"Baba, sannu da hawa," in ji yaron, idonsa a ƙasa.

"Ni ba babanka ba ne," na ce ina haki. "Wa ya ba ka jakata?"

"Hajiya ce ta ce a kawo."

"Wace Hajiyar? Kar ɗin nan rabinsa Hajiyoyi ne."

"Hajiya ta gida."

"Gidan wa?"

Ya ƙara sunkuyar da kai.

Mai gadi ya tambaye ni ko jakata ce, na ce tawa ce. Ya tambayi yaron ko ya san ni, ya ce ya san ni. Ya tambaye ni ko na san shi, na ce ban taɓa ganinsa ba sai yau, kuma tun safe yake bina. Mai gadi ya juya gare shi.

"To mene ne tsakaninka da mutumin nan?"

Ya buɗe baki, ya rufe. Gumi na zuba daga goshinsa yana ɗiga a kan ƙafarsa. Mai gadi ya maimaita tambayar, bai amsa ba. Sai mai gadin ya ce a nuna masa takardunsa. Yaron ya nuna aljihu da haɓa, aka zaro wata 'yar takarda a ninke. Na gane ta daga inda nake, ita ce wadda ake ba mutum ya riƙe kafin sabuwar takardar zamansa ta fito. Mai gadi ya ciro rediyonsa ya ce zai kira jandarma.

Ni na san abin da wannan ke nufi. Na yi layin ofishin nan tun duhun asuba ba sau ɗaya ba, na san yadda ƙarar sata take ga baƙon da takardarsa ke hannun hukuma. Karatunsa, zamansa, duk suna iya tafiya a yini ɗaya. Na sani sarai. Abin da na ce shi ne, "A kira su."

A daidai nan ƙofar barandar waje ta buɗe, iska ta shigo, Ramatu ta shigo bayanta, Malam Isuhu da sauran mutanenmu na biye. Suna can waje suna kallon ruwa, iska ta hana su jin komai. Ta dubi yaron, ta dubi takalman da ke gefe, ta dube ni.

"Papa, mene ne haka?"

"Na kama shi," na ce. Har da ɗan murmushi, Allah ya yafe mini.

Na ga fuskarta ta canza. Ta yi kamar za ta yi mini magana da Hausa, ta kasa, domin maganar ba irin wadda 'ya ke faɗa wa ubanta ba ce. Sai ta juya wa mai gadi.

"C'est mon fiancé," ta ce. Wato wanda za ta aura ne. Ta matsa gaban ƙattin nan biyu, ita da ba ta kai kafaɗarsu ba. "Ku sake shi. Yanzu."

Suka sake shi. Yaron ya ƙarasa durƙusawar da yake nema tun ɗazu, ya ce wa ƙasa, a hankali, Hajiya ta ga Baba ya hau ba abin shaƙarsa, ta ce a yi gudu a kai masa.

Malam Isuhu ya matso kusa da kunnena. "Alhaji, Hajiya ce ta ce a bari ka ga halinsa da idonka tukuna, kafin manyansa su zo. Kowa a kar ɗin ya sani." Ya dubi yaron. "To, ka gani."

Na gani. Noƙe kai a mota, burodi a baya, gorar ruwa, tuɓe takalmi, ƙin faɗin sunan Hajiya. Yaron ya gwammace jandarma su tafi da shi da ya buɗe baki a gabana ya ce 'yarka nake nema. Ni da na taɓa faɗawa rumfar mahauta a kasuwar Damagaram na ɓuya bayan cinyar saniya don na hango mahaifin Hajiya yana tahowa. Ni da na ishi majalisa da wa'azin kunya. An kawo mini ita har cikin mota, yini guda tana gabana, na ce ɓarawo ce.

Jan Bafaranshen ya tambaya, cikin damuwa ta gaskiya, me ya hana shi faɗa tun farko. Malam Isuhu ya gyara tsayuwa ya fara, "Chez nous, wato a wajenmu," ya yi bayani da hannu da ƙafa. Ya gama, mutumin ya ƙara rikicewa.

Ni ban ji ƙarshen bayanin ba, domin ƙirjina ya rufe gaba ɗaya. Na zame na zauna a ƙasa. Lawali ya karɓi jakar daga hannun mai gadi, ya zaro abin shaƙar, amma bai miƙo mini ba. Ramatu ya ba, da hannu biyu, ita ta sa mini a baki. Ta shiga ƙirga numfashina kamar yadda take yi wa marasa lafiyarta.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Numfashi ya dawo, ƙafafu suka ƙi. Na leƙa matakalar da na hawo, na ga ramin yana juyawa, gwiwoyina suka ce su ba inda za su. Mai gadi ya ce to sai dai a kira 'yan kwana-kwana su sauko da ni a ɗaure a gadon marasa lafiya, kuma sai an rufe hasumiyar an fitar da kowa. Na hango kaina ana zuro ni kamar buhun gero, garin duka na kallo. Sai na ji Lawali yana magana, ba da ni ba, da Malam Isuhu.

"Kawu, in Baba zai yarda."

Ya juya mini baya ya durƙusa.

Haka na sauko daga hasumiyar nan, goye a bayan ɓarawona, babbar riga ta tattare har cinya, jakar tana lilo a wuyana. Shi ba takalmi, Malam Isuhu na biye da su a hannu. Masu hawowa suna mannewa da bango suna ba mu hanya. Wani ƙaramin yaro ya tambayi uwarsa ko haka ake kai man fitilar, ta toshe masa baki. Wani ya ɗauki hoto (ga hoton da Hajiya ta yi alkawari). Abu ɗaya zan yaba wa goyo, mutum biyu na iya yin doguwar tafiya ba su haɗa ido ba. Har muka kai ƙasa bai ce mini uffan ba, sai sau ɗaya da ya ce wa bango, "A riƙe da kyau, akwai kwana."

Hajiya na nan kan bencinta. Ta dubi rigarsa da ta yage, ta dubi fuskar Ramatu, ta dube ni a inda nake.

"Malam," ta ce, "jaka na ce ya kai maka. Ban ce ya kawo mini kai ba."

A hanyar komawa ba wanda ya yi waƙa, ba wanda ya buɗe kula. Muna isa Lyon, Lawali ya yi wa kowa sallama daga nesa ya kama jirgin ƙasa zuwa Paris. Daga nan shiru. Ba waya, ba aike, ba maganar zuwan manya. Ramatu tana gaishe ni safe da yamma, gaisuwa cikakkiya, irin wadda ake yi wa maƙwabcin da ba a saba da shi ba. Wata rana na same ta ita kaɗai a kicin, na ce mata ai kuskure ne, kowa na yi.

Ba ta juyo ba. "Papa, tun muna yara kake ba mu labarin yadda masu gadi ke bin ka a manyan shaguna saboda fatarka. Ranar nan mutanen can ba su taɓa shi ba sai da kai ka ce su taɓa shi." Ta kashe famfo. "In ya fasa, ba zan ga laifinsa ba."

Na koma ɗaki na zauna, na ga ashe ina gab da korar na biyu. Na farko na kore shi don ba shi da kunya, wannan kuma don yana da ita.

Neman gafarar ma sai ya zama aiki. Ba zan iya kiransa a waya ba, in na kira zai miƙe tsaye ya kasa magana, ni ma haka. Sai na sayi goro mai kyau a La Guillotière, na roƙi Malam Isuhu ya shiga jirgi ya kai Paris, ya ce na yi laifi, na san na yi, a yafe mini. Ranar da ya dawo tun hantsi nake zaune a ƙofar shagonsa.

"Me ya ce?"

"Ya ce a gaya wa Baba shi bai san an yi wani abu ba. Abin da ya sani, Baba ya yi rashin lafiya a hasumiya, kuma yana tambayar ya jiki." Malam Isuhu ya zuba wa kansa shayi, ya bar ni ina jira. "Shirun da ka ji, nauyi yake ji wai ya sa ka hawa bene. Kawunsa na zuwa ƙarshen wata."

Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

An yi auren. Yanzu suna nan Lyon da 'ya'yansu, yana aikinsa, takardunsa sun daidaita tuntuni. Har yau bai taɓa kallon idona ba, bai taɓa cin abinci a gabana ba, kuma ba mu taɓa yin maganar ranar nan ba. Ramatu ta huce, amma ta manna wata 'yar hasumiya ta roba a ƙofar firjinmu. Na cire, Hajiya ta mayar, na haƙura. A majalisa kuwa, duk ranar da na manta na fara cewa yaran zamani ba su da kunya, Malam Isuhu ba ya musu. Yakan aje kofinsa ya ce, "A kira jandarma, Alhaji?" Sai in koma zancen tsadar tattasai.

Roƙona gare ku, musamman tsofaffi 'yan'uwana da zaman Turai ya koya mana riƙe jaka da hannu biyu, kada ku yi irin tawa. In kun ga saurayi yana kauce muku, ku fara tuna yadda ku ma kuka taɓa kauce wa wani. In kuma zargin ya ƙi barinku, kafin ku buɗe baki ku zagaya bayan ginin ku tambayi matar gida, ta riga ku sani.

Ni dai hukuncina bai ƙare ba. Duk ranar da za mu fita da su, Lawali yakan zo ya ɗauki jakata ba tare da ya ce komai ba, ni ma in yi kamar ban gani ba. Sai Hajiya ta ɗaga murya daga bakin ƙofa, yadda jikoki da maƙwabta za su ji.

"Malam, ka shaida. Ni na aike shi."